Taku Goman Malam Labaran

A Kaduna ta wancan lokacin, daga Kawo har Unguwar Kanawa, in ka ce Labaran Sanda kake nema, sai a tambaye ka wane Labaran. Amma in ka ce Taku Goma, ko mai tallan goro za ta nuna maka lungun da kekensa ya shiga. Duba-gari ne. Dogo, siriri, kullum cikin kaki mai sitati, ga gwangwanin jan fenti ɗaure a bayan keke, buroshi na lilo a ciki.

Sauran duba-gari randa suke leƙawa, su duba masai da kwata. Shi ma yana yin wannan, amma abin da ya tsaya masa a rai wuta ce. Dokar da ofishinsu ke aiki da ita ta ce duk gidan da ke bakin daji, da zarar ruwa ya ɗauke, a share ciyawar bayan danga har ƙasa ta fito fes, kuma kada murhu ya raɓi zana. A takarda da yadi aka rubuta faɗin sharar. To wa ke yawo da abin awo? Labaran da ƙafarsa yake aunawa. Sai ya jingina keke, ya sa dunduniya a gindin danga, ya buɗa ƙafafun nan nasa yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. In ya kai goma bai taka ciyawa ba, ya yi wa maigida sallama ya wuce. In ya taka, ya ba da kwana bakwai. Rana ta takwas kuwa jan fenti ke magana: ya zana gicciye a bango, kowa ya san an shiga littafin hukuma, kuma abin da aka zana wa sai an rushe shi.

"Haba Malam Duba-gari," wani maigida zai ce, "wannan taku ne ko tsalle? Takunka ɗaya ai nawa biyu ne."

"Wutar ma in ta zo ba da takunka za ta zo ba," in ji Labaran.

Ba ya karɓar goro, ba ya shan ruwan gidan da ya zo dubawa. Mutane na zaginsa a bayan ido, amma in rigima ta taso kan iyaka ko kan danga, shi ake cewa a kira, don an san ƙafarsa ba ta da ɗan'uwa.

A wani ƙauye yamma da Zariya aka haife shi. Ubansa, Sanda, mai baibaya ne, wato mai yi wa ɗakuna rufin ciyawa, kuma duk ƙauyen babu jinkar da ba ta bi ta hannunsa ba. Labaran na da shekara tara wuta ta taso daga daji da rana tsaka, ta cinye rabin garin kafin a yi la'asar. Abin da bai taɓa mantawa ba shi ne ubansa a tsaye, hannu a ka, yana kallon aikinsa na shekara ashirin yana kamawa ɗaki bayan ɗaki. Bayan nan aka kai shi makarantar boko, daga can ya koyi aikin tsafta, aka turo shi Kaduna. Ya yi shekara goma sha takwas a gidan haya a Kawo, shi da matarsa Mariya, kafin a shekarar 1975 ya samu fili a Rigasa, can ƙarshen gari inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Ya gina ɗaki biyu da falo na bulo, ya rufa kwano, ofis kuma ya ce tunda can ya koma, ya riƙe duban wannan ɓangaren.

Da gida ya kammalu sai ya je ƙauye ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Husaina.

To, Labaran ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ta yi masa magana ba. Haka aka tashe ta, haka ta riƙe. In ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take amsa wa. In tana son wani abu daga gare shi, Mariya take gaya wa, ko da kuwa yana tsugune a gabanta. Sunan da ta sa masa shi ne mai keke. Shi kuma tunda ba a yi masa magana kai tsaye ba, ba shi da ƙofar da zai bi ya yi musu.

Kwananta uku a ɗakin kwano ta fito da tabarmarta tsakar gida.

"Mariya, a gaya wa mai keke ni ba gurasa ba ce da za a sa ni a tanda. Da rana ƙuna, in ruwa ya zo kamar ana jifana da tsakuwa. A yi mini ɗakin mutane."

"Inna, ai kwano shi ne na zamani," in ji Mariya.

"A bar wa zamanin ya kwana a ciki."

Labaran yana nan tsugune, kansa a ƙasa. Kafin sati biyu ya sa an gina mata ɗan zagayayyen ɗaki na ƙasa a ƙuryar gida, jikin dangar baya. Da hannunsa ya yi baibayar, irin yadda ya ga ubansa na yi, kuma ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Wannan bai karya doka ba. Ana yarda da jinka a bakin gari, muddin an yi sharar nan ta taku goma.

Maƙwabciyarsu ta hannun dama ita ce Gwaggo Rahmatu mai daddawa. Bakanuwa ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da rumfa. A rumfar nan take dafa kalwa a manyan tukwane, wuta na ci tun safe har yamma, da ita take ci take sha. Da yake Kanawa da Zage-zagi abokan wasa ne, tun ranar da Labaran ya tare ba ta bar shi ya huta ba.

"Bazazzagi an shigo birni! A dai riƙa wanka, ka ji, nan ba ƙauye ba ne."

"Gwaggo, wanda ke maƙwabtaka da warin daddawa ai wanka ba ya yi masa amfani."

Amma ranar da ya zo mata da kaki, ba wasa. Bayan dangarta ta shuka yakuwa da kuɓewa, ga 'yan itatuwan zogale, ciyawa ta cika tsakaninsu. Ya sa dunduniya ya fara ƙirga. A taku na huɗu ya shiga cikin yakuwar.

"Kai Bazazzagi, miyata ce fa kake takawa."

"Gwaggo, ke da wutarki ba ta mutuwa, ke ya kamata ki fi kowa shara. Kwana bakwai."

"Ko zogalen ba za ka bar mini ba? Ɗanye ne, wuta ba ta cin ɗanye."

"Zogale ya tsaya. Sauran duk a kwashe. Murhun nan kuma a ja shi ya bar jikin zana."

Ta yi masa tsiya iyakar iyawarta, ta ce ƙafafunsa kamar na zalɓe, ta ce Allah ya haɗa shi da surukar da za ta auna shi. Amma ta yi. Da fartanyarta, da tsufanta, kwana biyar tana sharar, ta tumɓuke yakuwar da kuɓewar, ta ja murhu tsakiyar rumfa. Da ya dawo ya ƙirga goma cif, har ya ce mata, "Da kowa irinki ne, Gwaggo, da na ajiye fenti."

A damina ta biyu ciyawar gamba ta fito bayan dangar Labaran, irin wadda ba a cika samu ba: doguwa, miƙaƙƙiya, ta fi mutum tsawo. Inna ta gan ta ta saman danga. Matar mai baibaya ce, ta san ciyawa. Da kaka ta yi, Labaran ya ɗauko lauje zai fita, sai ya ji muryarta daga ƙofar ɗaki.

"Mariya, a gaya wa mai keke kada a taɓa gambar nan. Ba ta gama ƙosawa ba. In ta bushe a tsaye za a yanka a saƙa zana, dangar nan duk ta ruɓe. Marigayi ba ya yanka gamba ɗanya."

Ba ta taɓa ambaton ubansa a gabansa ba sai ranar. Labaran ya tsaya da lauje a hannu. Abin da zai faɗa yana bakinsa: Inna, doka ce, ni ne mai dokar. Amma wa zai gaya wa? Bango? Ya fita ya share abin da ke tsakanin danga da gambar, ya bar gambar a tsaye.

Washegari da sassafe, kafin mutane su fito, ya zagaya baya. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya sa dunduniya a gindin danga ya fara takawa, amma ba irin takun da Kawo ta sani ba. Ɗan taku ne, kamar na mai ciwon baya, ƙafa na kusan taɓa ƙafa. Bai ƙirga da ƙarfi ba, a zuci ya yi. Ya kai goma daidai gindin gambar. Ya shiga gida ya buɗe littafin aiki, a layin gidansa ya rubuta an share. Ya ce wa ransa sati uku ne kawai, ta bushe a yanke.

Sati uku ya zama shida. Wanda zai saƙa zanar ya yi tafiya, sannan aka shiga hidimar salla.

Ranar wata Talata, a farkon shekarar 1977, Labaran yana ofis a Kawo ya kai rahoton ƙarshen wata, sai wani direban tipa ya leƙo ya ce ana gobara a Rigasa, ƙarshen gari. Bai san yadda ya tuƙa keken nan ba. Da ya iso an riga an kashe. Motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya nesa don babu hanya, mutanen unguwa ne suka yi ta da bokiti da ƙasa da ɗanyen ganye. Ba a rasa rai ba. Mariya ta ciccibo Inna ta fito da ita. Amma ɗakin Inna ya zama bango baƙi ba rufi, dangar baya babu ita, rumfar Gwaggo Rahmatu ta ƙone ƙurmus da buhunan kalwarta uku, tukwanen sun fashe, rufin ɗakinta ma ya tafi.

Kafin ya sauka daga keke an riga an yanke hukunci.

"Wutar daddawa ce."

"Dama mun faɗa. Mace ɗaya, wuta kamar ta maƙera."

"Ka ga ikon Allah, gidan duba-gari guda ta ƙona."

Wasu sun ce sun ga hayaƙi a daji tun hantsi, wajen da masu farautar gafiya ke sa wuta, amma ba wanda ya saurare su. A rumfar Rahmatu aka ga wuta ta fi tashi, kuma kowa ya san a nan murhu yake.

Labaran ya ratsa mutane ya zagaya baya shi kaɗai. Shekara ashirin yana karanta sawun wuta, ba ya bukatar a gaya masa. Dajin ya ƙone tun daga nesa, baƙi ƙirin har inda ido ya kai. Bayan gidan Rahmatu, baƙin ya zo daidai bakin shararta ya tsaya cak, kamar an ja layi. Ƙasar da ta share fara tas, zogalenta ko yaushi bai yi ba ta wannan gefen. Bayan gidansa kuwa, kututturen gambar ne ke hayaƙi, toka ta kwanta ta fuskanci gida, ta haye 'yar sharar tasa ta shiga inda danga take. Gamba mai tsawon nan in ta kama, faɗuwa take yi, harshenta ya riga ta isa. Daga daji zuwa gamba, daga gamba zuwa danga, zuwa jinkar Inna, daga nan iska ta ɗauka ta jefa kan rumfar Rahmatu. A rubuce yake a ƙasa, sai dai duk unguwar shi kaɗai ya iya karatun.

Ya sake bin sawun da ido. Sannan ya koma cikin mutane, bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba.

Aka fara zuwa jaje. Wannan ne abin da ya fi ƙona shi. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutane na zuwa daga Kawo, daga Unguwar Kanawa, har waɗanda ya taɓa zana wa jan fenti. Kowa ya tsuguna ya ce, "Malam Labaran, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya mayar da alheri." Shi kuma ya ce amin. Wani ya kawo azara biyu, wani damin kara, matan unguwa suka kawo wa Inna zannuwa. Wani dattijo da Labaran ya taɓa rushe wa rumfa ya riƙe hannunsa ya ce, "Da mun ɗauka mugunta ce kake mana. Yau mun gane. Kai da ka kiyaye ma ga abin da sakacin wani ya ja maka." Labaran ya ce amin.

Ƙofar Rahmatu kuwa ba tabarma. Ana wucewa ta gabanta a zo wurinsa.

Rana ta biyu da yamma sai ga ta. Ba ta ce Bazazzagi ba. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta zo ta durƙusa a gabansa, tsohuwar da ta girme shi da shekara goma sha biyar.

"Malam Duba-gari, na zo neman gafara. Wallahi na ja murhun kamar yadda ka ce. Na fita ɗebo ruwa ne, ban daɗe ba. Ban san yadda aka yi ba. Amma tunda kowa ya ce tawa ce, to tawa ce. Ka roƙa mini Inna."

"Tashi, Gwaggo."

"Mai unguwa ya ce jibi za a zo da fenti. Ya ce in an zana, ba ni ba dafa kalwa a unguwar nan. Ni kuma ban iya komai ba sai ita. In da hali a bar mini ko tukunya ɗaya, a waje, inda ka ce."

"Na ce ki tashi, don Allah."

Ya kasa kallonta. Ya dubi hannuwanta, duk sun yi bororo wajen ƙoƙarin janye buhu. Ya ce mata Allah ya sawwaƙe, ta tashi ta tafi.

Takardar ofis ta iso washegari. Tunda ɓangarensa ne, shi zai rubuta musabbabin gobarar, ya kuma zana abin da ya saɓa doka, a gaban mai unguwa. Abu ne mai sauƙi. Layi ɗaya zai rubuta, murhun mai daddawa, ba mai tambayarsa. Littafi ya riga ya ce gidansa an share. Sunan da ya yi shekara ashirin yana ginawa zai tsaya yadda yake, har ya ƙaru.

Da magariba Mariya ta ajiye masa tuwo, ya ɗaga murfi ya mayar. Ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake.

"Malam, kwana uku ke nan ba ka ci abin kirki ba."

"Ba na jin yunwa."

Ta ci gaba da tsintar. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ran nan da ka yi awon bayan gida, ina banɗaki. Dangar akwai huda."

Labaran ya ture kwanon tuwon gefe.

"Na ɗauka ƙaya ka taka. Na ce yau me ya samu ƙafar Malam yake tafiya kamar amarya."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ce me? Kai ba ka iya gaya wa Inna ba, ni zan iya gaya maka? Gidan nan kowa bango yake yi wa magana." Ta kaɗe faifan. "Ni dai ba zan faɗa wa kowa ba. Amma gobe in za ka zana wa Gwaggo, ka bari in tafi Kawo wurin yayata tukuna. Ba zan iya tsayawa in gani ba."

Da hantsi aka taru. Mai unguwa Ja'afaru ya zo da dattawansa, mutanen layin suka fito, mata na leƙe ta saman katanga. Rahmatu na tsaye gefen bangonta, ta rufe rabin fuska da mayafi. Labaran ya fito cikin kaki, ya kwance gwangwanin daga keke, ya motsa fentin da tsinke.

"To Malam Duba-gari, bismilla," in ji mai unguwa. "A yi a gama, rana na yi."

"Ranka ya daɗe, ba na zane sai na auna. A zagaya baya."

"Wane awo kuma? Ai abin a fili yake."

"Haka aikin yake."

Aka zagaya. Ya sa dunduniya inda dangar Rahmatu take da, ya buɗa ƙafa. "Ɗaya. Biyu. Uku." Muryar nan da aka sani. Ya kai goma a kan farar ƙasa, yatsunsa daidai bakin baƙin. Ya juyo.

"Ku duba nan. Wuta ta zo daga daji, ta iso nan ta tsaya. Ba ta samu abin ci ba. Ta bayan gidan nan ba ta shiga ba."

"To ai mun ce daga ciki ta taso," wani ya ce.

Labaran ya juya. Ya taka zuwa bayan nasa gidan. Ya nemi ramin dirkar dangarsa ya sa dunduniya. Ya daɗe a tsaye, har mai unguwa ya yi gyaran murya. Sannan ya buɗa ƙafar, irin buɗawar da yake yi wa kowa.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar." Ya sake ɗaga ƙafa. "Shida."

Ƙafarsa ta sauka cikin kututturen gamba, toka ta tashi ta hau kakin.

Ba wanda ya yi motsi. Wata akuya ce kawai ke kuka a wani gida.

"Shida ne, ranka ya daɗe. Na rubuta goma a littafi, shida ne. Gamba na bari a nan, ta fi ni tsawo. Ta nan wuta ta shiga, ta kama ɗakin cikin gidana, iska ta kai wa Gwaggo. Ba wutarta ce ta ƙona ni ba. Tawa ce ta ƙona ta."

"Malam Labaran," mai unguwa ya rage murya, "ka san abin da kake faɗa kuwa? Mu koma zaure mu yi magana."

"A gaban mutane na auna kowa."

Ya ɗauki gwangwanin ya shiga ta inda danga ta ƙone, ya tsaya gaban baƙin bangon ɗakin Inna, wanda ya yi wa baibaya da hannunsa. Ya zana gicciyen, babba, yadda yake zana wa mutane. Fentin ya riƙa zirarowa a kan baƙin.

Dattijon nan da ya riƙe masa hannu wajen jaje ya yi tsaki ya juya. Wani daga baya ya ce, "Ashe ƙafar tana lanƙwasuwa." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba daɗi. Labaran ya ji ta har cikin ƙashinsa, bai ɗago ba.

Rahmatu ta sauke mayafin. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kwana uku," ta ce. "Kwana uku ina kwana da haƙƙin tsohuwa a wuyana. Na durƙusa maka, ka ce Allah ya sawwaƙe."

"Haka ne, Gwaggo."

"Yakuwata fa? Da ka ce taku huɗu?"

"Haka ne."

"Ba ka da abin cewa sai haka ne?"

"Babu, Gwaggo."

Ta juya ta shige kangonta. Ba ta yafe ba ranar, kuma bai nema ba.

Da ya shiga gida Inna na zaune a ƙofar ɗakin kwano, inda ta koma tun ranar gobarar. Ta ji komai, bangon ba nisa. Ya durƙusa kamar kullum. Ta daɗe tana kallon gefe.

"Mariya," ta ce, "a tambayi mai keke, da ya san dokar gambar nan, me ya hana a faɗa mini?"

Mariya ta dubi mijinta. Ba ta isar da saƙon ba. Inna ta jawo ƙullin zannuwan da aka kawo mata na jaje, ta tura gaban Mariya.

"A kai wa mai daddawa. Ba nawa ba ne."

Azarar da karan da aka kawo masa, duk ya kwashe ya kai gidan Rahmatu. Shi ya tsaya aka mayar mata da rumfa, wannan karon da kwano, yana miƙa ƙusa cikin tsohuwar riga, masu wucewa na nuna shi. Rahoton kuma ya rubuta shi yadda abin ya faru, ya kai da hannunsa. Ba a kore shi ba. An karɓe ɓangaren aka ba wani, shi aka mayar da shi tebur a Kawo yana cike takardun riga-kafi, a nan ya ƙarasa shekarunsa na aiki. Gwangwanin fentin ya bushe a bayan ƙofa. Ko rigimar iyaka aka yi a layinsu, aka ce a kira shi, sai ya ce a nemi mai igiyar awo.

Sai da aka yi wata biyar Rahmatu ba ta yi masa magana ba. Wata safiya yana tura keke zai fita, tana juya kalwa a sabuwar rumfa, sai ya ji ta ɗaga murya.

"Kai Bazazzagi! Taku Shida! Ba a gaisuwa a garinku?"

Sunan ya bi shi har Kawo. Tsohon ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Har ya tsufa, in aka kira shi da sabon, yakan ɗan sunkuyar da kai tukuna, sannan ya amsa. Kuma duk shekara, ruwa na ɗaukewa, kafin kowa ya fara, za ka gan shi bayan gida da fartanya. Yakan share nasa ya haɗa da na Gwaggo, ya wuce goma da nisa, ba ya ƙirgawa.